Kunne Ne Maɗaba'armu a Damagaram

Idan aka ce a ƙidaya marubutan Damagaram ta littattafan da suka buga, lissafin ba zai ba kowa wahala ba. Idan kuwa aka ce a ƙidaya masu rubutu, wato masu kaye a ƙarƙashin katifa ko labari mai babi talatin a cikin waya, to sai an nemi mataimaka. Akwai su cikin malaman lakwal, akwai su a asibiti, akwai su cikin masu shaguna, kuma mafi yawansu suna cikin gidaje, matan aure ne da ƴanmata. Wanda ya gama rubutu a garin nan, in yana son ya ga aikinsa ya zama littafi mai bango, sai ya kama hanyar Yamai, kusan kilomita 900, ko ya gangara Kano, wajen kilomita 240, kuma duk inda ya nufa yawanci da kuɗin aljihunsa zai buga. Malamin da albashinsa ke ƙarewa tun wata bai raba ba, ina ya ga wannan? Shi ya sa nake cewa maɗaba'ar da yawancinmu muka mallaka ita ce kunnen jama'a. Ka tashi gaban mutane ka karanta, suka ji, to an buga ka ke nan. In ba ka karanta ba, gara da ɓera su ne masu karatunka.

Taron adabi iri biyu ne a garin nan, kuma ba su cika sanin juna ba. Na farko shi ne wanda kowa ya sani, bikin ƙaddamar da littafi. A kama zaure, a yi hayar kujerun roba da mikro, a buga katin gayyata da Faransanci a rubuta ƙarfe 9. Sai ƙarfe 11 ake farawa, don ba a buɗe taro babban baƙo bai iso ba. Mai gabatarwa ya bi manya ɗaya bayan ɗaya da sunayensu da muƙamansu, kuma duk wanda aka ba mikro sai ya sake gaishe su tun daga farko, kamar ba su ji gaisuwar ɗazu ba. Wani masani ya yi sharhin littafin na minti arba'in da Faransancin da rabin zauren ba ya ji, sauran rabin kuma suna latsa waya. Daga nan a shiga abin da ya tara jama'a: Alhaji wane ya sayi kwafi ɗaya jika hamsin, a tafa, wakilin wane ya yi alkawarin jika ɗari, a tafa da ƙarfi, ko da yake kowa ya san alkawarin wakili. Marubucin yana zaune cikin babbar riga kamar ango, ba a ji muryarsa ba sai wajen godiya. A raba lemo, a ɗauki hoto, a watse, ba a karanta ko shafi ɗaya daga cikin littafin ba.

Ba raina wannan biki nake ba. Na san mutumin da da kuɗin irin wannan rana ya biya bashin mai buga masa littafi, ya samu barci. Amma a kira abu da sunansa: gudummawa ce irin ta suna da ɗaurin aure. Kwafin da manya suka saya yawanci a bayan mota yake tsufa, kuma wanda ya halarci taron zai iya gaya maka wanda ya ba da nawa, ba zai iya gaya maka abin da littafin ya ƙunsa ba.

Na biyu ba shi da katin gayyata. Shekara shida ke nan muna haɗuwa, Asabar ɗaya cikin biyu, bayan sallar la'asar, a harabar wata lakwal ƙarƙashin bedi. Mai gadi ya fito mana da benci biyu daga aji, mu shimfiɗa tabarma, wani yaro ya hura gawayi ya ɗora shayi. Ranar da muka cika mukan kai ashirin. Ranar da sanyi ya sauko ko ana babban ɗaurin aure a gari, mu shida ma mun yi. Ba mu da suna, ba mu da shugaba ko ma'aji, kuma da gangan muka yi haka, don mun ga ƙungiyoyi da yawa da suka mutu ranar zaɓen shugabanni. Ba mu kaɗai ba ne a gari. Ɗaliban jami'a na yin nasu, akwai samari masu slam da ke gauraya Faransanci da Hausa a numfashi ɗaya, akwai kuma masu waƙoƙin bege da na wa'azi waɗanda ba su taɓa kiran kansu marubuta ba alhali sun fi mu masu saurare. Ni dai namu na sani, shi zan faɗa.

Doka biyu muka fara da su. Minti goma ga kowa. Sannan wanda ya karanta, in ya gama sai ya kama bakinsa, ba ya kare kansa har kowa ya faɗi abin da ya ji. Ta biyun nan ta fi wuya, musamman ga malamai da suka saba jan bik yana hannunsu, wanzami kuwa ba ya son jarfa. Akwai waɗanda suka zo sau ɗaya, aka taɓa rubutunsu, ba mu sake ganin ƙeyarsu ba. Mafi tsanani cikin masu sharhinmu tela ne. Bai taɓa shiga lakwal ba, karatun yaƙi da jahilci ya yi da dare yana babba, kuma shi ba ya rubutu, saurare yake zuwa yi. In ya ɗaga hannu ya ce, “Mushe, dakata,” kowa ya san an kama wani abu. Wata rana wani abokin aikinmu yana karanta labarinsa, ya zo inda ya rubuta cewa sarki ya ɗauki magana. Tela ya ce, “Mushe, ya ɗauke ta ya kai ina?” Wani kuma ya sa tsohuwa ta ce wa jikanta ta ba shi dalili, tela ya ce shi tun da yake bai taɓa jin kakarsa ta ba wani dalili ba, cewa take yi “gaskiyarka”. Duk wanda ya yi lakwal ya san daga inda waɗannan suka fito. Tunanin da Faransanci aka yi shi, sannan aka sa masa rigar Hausa. A takarda ba ma ganin wannan, don idonmu lakwal ce ta raine shi. Kunne kuwa a gida ya girma, wajen uwa da kaka, shi ya sa ba a yi masa wayo.

Sai dai akwai abin da ke ba ni kunya a madadin dukanmu masu takardun shaida: yawancin ƴan boko a nan ba su iya karanta Hausa da ƙarfi ba. Na ga saurayi mai bak, wanda in ka ba shi jaridar Faransanci zai bi ta kamar ruwa a gangare, ya riƙe labarin da shi da kansa ya rubuta yana tafiya a kai kamar mai taka tsakuwa ba takalmi. Ya ga “ciki” bakinsa na son ya ce “siki”, ya ga “gida” ya tsaya ya sake duba ta. Da ya gama yana share zufa ya ce mini, “Mushe, da Faransanci ne da tuni na ƙare.” Ba laifinsa ba ne. Mu da muka shiga lakwal a shekarun 1980 mun san sambol, abin nan da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa a harabar makaranta, kuma duk abin da muka ga an rubuta da harshenmu a allunan hanya, da ƙa'idar Faransanci aka rubuta shi: Tessaoua a maimakon Tasawa, Guidan Roumdji a maimakon Gidan Rumji, Dogondoutchi a maimakon Dogon Dutsi. Har yau saƙonnin da ke shigo mini a waya rabinsu “ina kouana” ne da “tchikin guida”. Ga kuma wahalar da ke cikin rubutun Hausar kansa: ba a nuna tsawon wasali, ba a nuna hawa da saukar murya. “Gari” na iya zama inda ake zaune, na iya zama abin da ake tuƙa tuwo da shi. “Wuya” na iya zama na rataya sarƙa ko na wahala. In aka haɗa da wayar da ba ta da ƙ da ɗ da ɓ, “baki” ɗaya ya zama na cin abinci, ya zama launi, ya zama mutanen da suka sauka a gidanka. Mai karatun kirki sai idonsa ya riga bakinsa isa ƙarshen jimla, kuma wannan ba ya samuwa sai da yawan yi. Telanmu, da ya koyi baƙaƙen da Hausa tun farko, ya fi masu bak uku cikinmu karatu.

Ba don an rasa ƙa'ida ba ne. Tun 1966 masana suka zauna a Bamako ƙarƙashin UNESCO kan yadda za a rubuta harsunan yankin nan, har da Hausa. A 1980 aka sake zama a Yamai don daidaita rubutun Nijar da na Najeriya, a 1999 kuma ma'aikatar ilimi ta fitar da dokar da ta tsayar da namu, mai wannan ƴ da maƙwabtanmu ke rubutawa 'y. Makarantar gwaji ta farko da ta fara koyar da yara da harshen gida a ƙasar nan, a Damagaram aka buɗe ta, a 1973. Abdou Mijinguini ya yi mana ƙamus na Hausa zuwa Faransanci, gidajen buga littattafai irin su Albasa da Gashingo sun fitar da littattafai da harsunan ƙasa. Duk wannan aiki an yi shi, amma ya tsaya a hannun ƙalilan. Lokacin da nake makarantar horon malamai mun sha darasi kan yadda ake koyar da karatu da ƙarfi, inda ake tsayawa, inda ake ɗaga murya, yadda ake riƙe littafi, kuma kusan duka a kan Faransanci ne. Yanzu ga shi kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki ne. An yi murna, an yi gardama, kuma gardamar tana da dalilinta a ƙasa mai harsuna da yawa; ko a zamanmu akwai Babarbaren da ya taɓa karanta mana tatsuniya da harshensa sannan ya maimaita ta da Hausa, kuma ba mu taɓa yin maraice mai daɗin wannan ba. Ni dai tambayata ta malami ce. Ɗaliban malanta da ake turo mini aji don gwajin koyarwa, in na miƙa musu shafi ɗaya na Hausa na ce su karanta wa yara, kaɗan ne ke kai ƙarshe ba su yi tuntuɓe ba. Doka ba ta koya wa baki karatu. Tun bara nake jan duk wanda ya yarda cikinsu zuwa zaman Asabar, kuma bayan wata biyu bambancin a fili yake.

Masu saurare kam ba mu rasa su ba, garin nan da kunne ya saba. Waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo na fada ba a takarda tsofaffinmu suka same su ba, amma suna riƙe da su. Wasan kara ya girmi duk wani zauren wasa da aka gina da siminti. A zamanin samariya, lokacin mulkin Seyni Kunce, unguwa da unguwa, gari da gari, gasar wasan kwaikwayo da waƙa ake yi, kuma Yazi Dogo, shi ma malamin makaranta, da abokan wasansa sun sa ƙasar nan gaba ɗaya dariya da Hausa ta rediyo da talabijin. Sai ka duba manyan marubutanmu na takarda. Abdoulaye Mamani ya fitar da Sarraounia a 1980, labarin sarauniyar Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899. Med Hondo ya mai da shi fim, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987, shi kuma Mamani hatsarin mota ya ɗauke shi a 1993. André Salifou, wanda jami'ar garin nan ke ɗauke da sunansa, ya rubuta wasan kwaikwayo kan Sarki Tanimun. Dukansu da Faransanci. Ba zargi ba ne, zamaninsu ne ya ba su wannan alƙalami. Amma sakamakon shi ne jikokin mutanen da aka rubuta labarinsu sun san sunan littattafan, ba su san abin da ke ciki ba. Mun taɓa ware zama biyu wani cikinmu ya riƙa karanta babi da Faransanci yana juya shi da Hausa nan take. Mai gadin lakwal, wanda da can yana ba mu benci ya koma bakin ƙofa, ranar bai koma ba.

Babban giɓin zamanmu shi ne mata. Su ne suka fi rubutu, su ne suka fi karatu, tun zamanin da littattafan Kano ke shigowa Kasuwar Dole, na su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino, ana haya ana karɓa-karɓa har bango ya fita. Mata da yawa da waɗannan littattafan suka koyi karatun Hausa, ba malami ba allo. Yau abin ya koma WhatsApp da Facebook, babi-babi ake saki, wasu har kuɗi ake tura musu kafin a ga ci gaba. A 2022 ɗiyar Nijar, Amira Souley, ta zo ta ɗaya a gasar Hikayata ta sashen Hausa na BBC. Amma a ƙarƙashin bedinmu, cikin mutum ashirin da ƙyar ka ga mace uku, su ma malamai ne abokan aiki. Dalilin ba boyayye ba ne ga mai son gani. Tsakanin la'asar da magariba lokacin tukunya ne. Kuma maza zaune a tabarma kewaye da butar shayi, ko Alƙur'ani suke karantawa, ido daga nesa fada yake gani, kuma matar aure ba ta zuwa fada ta zauna.

Wata tsohuwar malama da ta yi ritaya ce ta warware mana wannan. Ta ce, “Ku kuna jiran su zo inda ba za su iya zuwa ba. In an yi hutu ku zo gidana da hantsi.” Muka je mu biyar, aka shimfiɗa mana tabarma a bakin zaure, tsakar gida kuwa cike da mata, wasu da goyo, wasu da waya a hannu an riga an buɗo shafin da za a karanta. An karanta na soyayya, an karanta na kishi, an yi dariya. Sai aka zo kan wata matar aure da ba ta wuce shekara ashirin da biyar ba. Ta miƙa wa Hajiya kayenta ta ce, “Inna, ki karanta mini, ni muryata rawa take.” Hajiya ta mayar mata ta ce, “A'a ɗiyata, ke kika haifa, ke za ki goya.”

Labarin ruwa ne. Wanda ya zauna garin nan ba sai an yi masa bayani ba, ƙishirwar Damagaram ta girme mu duka. Matar da ke cikin labarin ƙarfe uku na dare take tashi ta kasa kunne ga bakin famfo, ko zai yi tari. In bai yi ba, sai ta tashi ɗiyarta mai shekara goma ta bi layi da jarkoki a wata unguwa, don kuɗin ga-ruwa ya fi ƙarfin cefanen da aka bar mata. Maigida yana barci. Da asuba zai tashi ya tarar da buta cike, bai taɓa tambayar daga ina ba. Yarinyar ta isa lakwal an riga an shiga aji, hannun rigarta a jiƙe, mushe ya sa ta durƙusa a bakin ƙofa kan makara, kullum haka, har ta daina zuwa. Ba wa'azi a ciki, ba mugu ko ɗaya, kowa yana yin abin da ya saba ne kawai. Muryarta ta yi rawa a shafin farko, daga nan ta zauna. Da ta gama tsakar gidan ya yi tsit, sai kukan wani jariri. Wani abokin aikina ya ce an yi wa malamai rashin adalci, ai mushe bai san abin da ke faruwa a gida ba. Wata dattijuwa daga can baya ta ce, “To Malam, ai abin da ta ce ke nan.” A shekara shida na zamanmu ban ji rubutun da ya kai wannan ba, kuma da mun tsaya ƙarƙashin bedi da ba mu taɓa jin sa ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da ba a faɗa in ana yabon karatu a bainar jama'a. Wata cikin masu saurare ta naɗi muryar a waya, da kyakkyawar niyya, ta tura wa ƙawarta. Kafin mako ya zagayo ya shiga unguwar marubuciyar. Ba wanda ya tambayi ko labarin ya yi kyau, tambaya ɗaya ce: da wa take? Aka ce da mijinta take, aka ce ta tona asirin gida, wan mijin ya yi tattaki ya zo. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kuma a unguwar kusan kowane gida akwai buta da ke cika da dare. Ba ta sake zuwa ba. Tana rubutu har yanzu, ta hannun Hajiya yake iso mu, da wani suna da ba nata ba. Tun daga ranar muka ƙara doka ta uku: ba a naɗar kowa sai da izininsa.

Wani dattijo cikinmu ya ba da shawarar da na san mutane da yawa na bi ba tare da an gaya musu ba. Ya ce mai son zaman lafiya ya kai labarinsa Kano ko Abuja, ya sa mutanensa su riƙa kashe naira, sai ba wanda zai ce da shi ake. Nan na gane dalilin da ya sa ƴanmatan da ba su taɓa wuce Matamai ba ke rubuta labaran da jarumansu ke zaune a Abuja suna hutu a Dubai. Da ina ɗauka kwaikwayon Kano ne zalla. Akwai kwaikwayo, amma akwai kuma neman mafaka. Na fahimci dattijon, ban yarda da shi ba. In kowa ya gudu da labarinsa ƙetaren iyaka, wa zai rubuta Birni da Zango da Garin Malam da Kara-Kara? Wa zai rubuta ɗan kabu-kabu, da malamin kwantiragi mai jiran albashi, da matar da mijinta ya tafi Libiya ko Aljeriya shekara huɗu ba labari? Kano tana da masu rubuta ta, sun ishe ta. Abin da ya kamata mu koya wa masu saurare shi ne labari ba tsegumi ba ne, kuma wannan ma sai da yawan ji yake shiga.

Maganar kuɗi gajera ce, don kuɗin ma gajere ne. Sukari, ganyen shayi, gawayi, da fotokopi in rubutun na buƙatar a bi shi da ido: kowa ya jefa dala ashirin ko arba'in, ya isa. Sau ɗaya wata ƙungiya mai aikin raya al'adu ta nemi ta ɗauki nauyinmu, da zaure mai fanka da kuɗin zama ga kowa, da sharaɗin rubutun ya zama kan jigon da suka zaɓa. Mun gode musu muka ƙi. Mun ga yadda ake yi: ranar da ake raba ambulan zaure ya cika da marubutan da ba a taɓa ganin rubutunsu ba, ranar da aikin ya ƙare ko mai shara ba ya zuwa.

Aikin da ya fi cin lokacinmu a bana na wani tsoho ne, almajiri, asalinsa mutumin ƙasar Gobir, wanda ya fi shekara arba'in a garin nan yana sayar da turare. Tela ne ya kawo shi. Ya zo da gafaka, a ciki akwai waƙoƙi arba'in da ya rubuta da ajami da tawadar da ya dafa da kansa, wasu kan fari da yunwar 1984, wasu kan ƴan ci-rani, ɗaya kan matarsa ta farko da ta rasu. Shi ba ya karantawa, rerawa yake, kuma in ya fara yaran unguwa na hawa katangar lakwal. Cikinmu mutum biyu ne kaɗai ke iya bin ajaminsa, su ma sai yana kusa, don yana da wasu alamomi da shi kaɗai ya san su. Muka yanke shawarar juya su zuwa boko tun yana iya gyara mana. Yana rerawa, ɗaya daga cikin ɗaliban malantar nan na rubutawa, sannan a karanta masa ya ji. A waƙa ta uku aka yi cirko-cirko. Yarinyar ta rubuta “tafiya” da “lafiya” kamar yadda aka koya mata, da ta karanta masa sai ya ɗaga hannu. Ta ce, “Baba, haka ƙa'ida ta ce.” Ya ce, “Ɗiyata, ni tun da nike ban taɓa tafiya ba, tahiya nika yi.” Masu ƙa'ida cikinmu suka ce in aka bar kowa ya rubuta karin garinsu, yaran lakwal za su ruɗe; wasu suka ce in aka gyara masa baki waƙar ta zama ta wani. Sai da muka ci zama guda cur a kai, har shayi na uku ya huce. A ƙarshe aka bar masa harshensa yadda yake, aka ce in an zo kai wa yara aji sai malami ya yi musu bayani. Zuwa Asabar da ta wuce mun gama goma sha bakwai, saura ashirin da uku. Idonsa na hagu ya fara yana, shi ya sa muka roƙi mai gadi ya riƙa buɗe mana tun azahar, kafin haske ya ragu.